Ranar da na amsa wa Baba Bature da lafiya lau

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan shagon kayan masarufi a wani layi a Gwarinpa. Ban iya karatu ba, amma kunnena na son baƙon yare, don a bakin kanta na tsinci Yarbanci da Gwari na ciniki. A ƙarshen layinmu akwai wani tsoho ɗan Italiya da muke kira Baba Bature. Ya daɗe yana aikin hanya a ƙasar nan, ya auri wata baiwar Allah 'yar Filato. Bayan ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki sai Turanci ya gudu daga bakinsa, yarensu kaɗai ya rage. Kullum matar tasa, Madam, ke sayayya, shi nasa ɗaga mini hula.

Wata rana da hantsi sai ga shi shi kaɗai. Ya cire hula, ya ɗan rusuna, ya faɗi wata magana da murya mai taushi. Mu a wajenmu ba a farawa da buƙata sai an gaisa, don haka na amsa da lafiya lau, na tambayi gida. Ya maimaita, na ce alhamdu lillahi. Na jawo masa benci, na miƙa masa ruwan sanyi, har ina kwaikwayon kalmomin don sun yi mini daɗi, ina jiran gaisuwa ta ƙare ya nuna abin da zai saya. Na sallami mai sabulu, na sallami mai burodi, yana tsaye da hula a ƙirji. Can ya gyaɗa kai ya juya.

Sai a lokacin na ga silifas ɗin mata ne a ƙafarsa, mutumin da ko shara ba ya zubarwa sai da sawu ciki. Gaskiya son sani ne ya sa na bi shi. Na tarar da Madam kwance a kicin, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye, tana nishi. Na kira maƙwabta muka kai ta asibiti. Ta tashi, amma har yau da sanda take tafiya, kuma ban sani ba ko jinkirina ya ƙara mata wani abu.

Da 'yarsu ta zo na rera mata maganar yadda na haddace: mi scusi, può aiutarmi, per favore? Ta ce ma'anarta, gafara dai, ko za ka taimake ni, don Allah? Ta ƙara da cewa ko gobara ce haka babanta zai roƙa, tsohon nan bai iya ihu ba.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da hannuna na rubuto muku wannan. Abin da na koya shi ne ba kowane mai neman agaji ke ɗaga murya ba. 'Yan'uwana masu shago, idan mutum ya maimaita maganar da ba ku gane ba, ku daina amsawa. Ku dubi ƙafarsa, ku ja ƙofa ku bi shi.