Sa'idu ɗan Gado, sunan da ban kira ba a hili

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sa'idu ɗan Gado ya rasu.

Yau da sahe ina tsugune ina ba tumaki dusa, ƙanwarshi Hajo tak kira ni daga Dogon Dutsi. Tac ce, "Kawu, Sa'idu ya cika."

Ni ne Arzika, daga wani gari kusa da Matankari. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Baƙaƙen ga da nike dangwalawa a waya, a yaƙi da jahilci nik koye su da hurhura a kaina. Ku yi haƙuri da su.

Kowace kaka, in an gama yankan hatsi, kahin a buɗe kokawa, ni ke tsayawa tsakar hili in kira sunayen mazajen garinmu tun daga kakanni. Amma da ƙa'ida. Sabon suna ba ya shiga sai in na kira shi wani dattijo ya miƙe cikin jama'a ya ce, "Na gani." Kuma mai kira ba ya zama shaida. Haka nis same ta, haka nir riƙe ta.

Gado, uban Sa'idu, shina cikin waɗanda nike kira. Sa'idu ba ya ciki. Ni nih hana.

Sa'idu ƙato ne tun shina yaro, ga shi da kai. Boko yak kai shi wata iniversite a Amirka. Can sunka ga ƙirjinshi sunka sa shi cikin ekip ɗinsu, ƙungiyar wani balo, ƙwallo mai siffar guna, wanda ake rugawa da shi a hannu. Shekara guda yay yi shina wasan. A mac na ƙarshe, wato karawar ƙarshe, gwiwarshi ta hagu tal lalace. Da wannan ɗingishi yad dawo gida, da shi yak koyar da wasanni a lakwal a Dutsi har yaɗ ɗauki retret, yab bar aiki.

Shekarar da yad dawo yak kawo kaset na wasansu. Anka jona tele da batirin mota a zauren maigari, bayan la'asar, gari duk ya taru.

Yac ce, "Kawu, ga ni nan, na biyu daga hagu."

Nic ce, "Ina huskar?"

"Tana cikin hular ƙarfe."

"To ni hula nig gani. Kuma kai, ɗan Gado, tun ɗazu wanga da kake nunawa bayanshi ke shan ƙasa. Ubanka sau guda anka kada shi, wata ukku tuwo bai yi mai daɗi ba."

Anka yi ta dariya. Nic ce balon ma ban ga ya taɓa ba.

Yac ce, "Ba aikina ne ba. Ka ga siririn can mai jifa? Ni ne ƙyaurenshi. Ina tsayawa gabanshi kada a kai gare shi. Duk shekarar, ta wajena ba a taɓa shi ba."

"Kun ci?"

"An ci mu ya hi yadda munka ci."

"To mi zan kira?"

Bayan wagga magana tawa, wane dattijo zai miƙe ya ce ya gani? Ba ko guda.

Bai riƙe ni a rai ba. Shekarar da ruwa yac cinye hilin kokawa, shi yak kawo mota cike da yashi, ya tuɓe riga shina bazawa da gwiwar nan tashi.

Da yana tar rufe mini ido, shi yaɗ ɗauke ni yak kai ni wurin likita. Kwana ukku shina zaune bakin gadona shina dama mini hura. Ranar da anka kwance mini ido, huskarshi nif fara gani. Yac ce, "Kawu, yanzu da ido ya buɗe, a sake sa kaset?" Nic ce ya tashi ya ba ni wuri.

Ga abin da bai sani ba.

Hajo ta sa an juye kaset ɗin cikin wayarta. Wata rana nic ce ta nuna mini, wai ina gwada sabon ido. Sai nig ga na biyu daga hagu, kahin ya duƙa, ya dangwali ƙasa da hannun dama, ya shafa a cinya, ya ja ƙafar hagu baya. Gado ke nan sak. Ba wanda ke shiga kokawa haka sai shi. Kuma nig ga mac na ƙarshen. Ya faɗi, anka rugo a ɗauke shi, yat ture su, yam miƙe da ƙafa guda yak koma gaban siririn nan har anka tashi.

Na gane shi. Nic ce ma Hajo in ta faɗa mai, ba ni ba ita. Na riga na yi magana gaban gari, kuma ni ban saba haɗiye tawa ba.

Sati ukku da sunka wuce munka haɗu a kasuwar Matankari. Ya rame, shina dogara sanda. Yaj ja ni inuwa yac ce, "Kawu, ni na haƙura. Amma ɗiyana mata suna zuwa kokawa su ji an kira kakansu an tsallake ubansu. Ƙaramar ta tambaye ni ko gudu niy yi."

Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Abin da yah hito shi ne, "Kawo mai shaida."

Yay yi dariya. "Tsoho, kanka ya hi dutsi. To sai kaka."

Bai kai kaka ba.

Ku ji, ku mutanen garinmu, na gida da na Yamai da na ƙetare. Ƙa'ida ba ni taɓa ta. Mai kira ba ya zama shaida. Don haka bana ba ni ne mai kira ba. Na aika ma Bawa ɗan ƙanena, wanda yad daɗe shina tsayawa bayana, ya shirya muryarshi. In ya gama da Gado ya kira Sa'idu. Ni ina zaune cikin jama'a, kusa da ɗiyan nan mata biyu. Zan miƙe.

Ya Allah, ka gafarta ma Sa'idu. Ya tsaya gaban wani don kada a taɓa shi, Ka tsaya mai ranar da ba mai tsayawa sai Kai. Ka yalwata kabarinshi, Ka ba Hajo da iyalinshi haƙuri.

Duk wanda yak karanta wanga, ya yi mai Ƙulhuwallahu ƙafa ukku. In addu'a ta rage, ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini.