Honarabul na ɗakin wanki

Da safen nan ina ɗaura takalmin makaranta Mama ta ce Honarabul ya rasu a asibiti. Na cire takalmin na koma ɗaki.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Mama. Sati biyu ke nan ina ɓuya masa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon Bature ne mutumin Ireland, yana zaune a hawan ƙasa na gininmu a nan garin Silver Spring. Ya daɗe yana ɗan majalisa a ƙasarsu. Ya ci zaɓe, ya faɗi, ya sake ci, da ƙarfinsa ya ƙare 'yarsa ta ɗauko shi ta kawo shi nan. Baba ne ya sa masa Honarabul. Ya yi dariya ya ce a garinsu sunansa "kai, yaushe za a gyara mana hanya?"

Wai a can duk Asabar ɗan majalisa yakan zauna a wani ɗaki, mai koke ya zo ya faɗa, shi kuma ya rubuta wasiƙa. Ya kasa dainawa. Sai ya kafa tebur a ɗakin wanki na gininmu. Ni nake yi masa tafinta idan masu Hausa sun zo.

Muryata ba ta fita, kunnensa kuma ya yi nauyi. Bai taɓa cewa in ɗaga murya ba. Kujerarsa yake jawowa.

Da kakata ta rasu a Kano shi ya fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ya cire takalmi da ƙyar, ya zauna cikin su Baba har la'asar, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ya ce, "A wurinmu ɗan majalisar da ba ya zuwa jana'iza ya gama siyasa. Ni yanzu ba ƙuri'a nake nema ba, shayi kawai."

Lif ɗinmu, na'urar hawa bene, ya fi wata a lalace. Inna Ramatu, wata tsohuwa 'yar Maraɗi, tana zaune a hawa na bakwai da ciwon gwiwa, ko asibiti ba ta iya saukowa ta je. Na hau na ji ta bakinta, muka rubuta wasiƙa ni da shi. Za a karanta a taron masu haya da masu ginin ranar Alhamis ɗin nan.

Sai ya miƙo min takardar. "Na gaji da magana a madadin mutane. Ke kika ji ta, ke za ki karanta."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Daga ranar na koma shiga ta ƙofar baya, wajen kwandunan shara, don kada mu haɗu.

Ranar Juma'a ya ritsa ni a wurin akwatunan wasiƙa. Ya rame, yana ta haki. Ya ce, "Ƙofar baya wari take, 'yata. Ni ma ranar da na fara miƙewa a majalisa, shafi na biyu na karanta kafin na farko, kuma ba wanda ya lura, duk barci suke." Na kalli ƙasa na ce to. Shi ke nan abin da na ce masa. To.

Ɗazu na hau na gaya wa Inna Ramatu rasuwarsa. Ta ce, "To yanzu wa zai yi mana magana, ɗiyata?" Na gaji, kaina ciwo yake.

Da na sauko na tsaya a bakin allon sanarwa, inda aka liƙa takardar masu son yin magana ranar Alhamis. Sunansa na nan da rubutunsa mai karkata, ya soke shi da layi ɗaya. Na rubuta nawa a ƙasa. Ƙarami ne, amma ana iya karantawa.

Allah Shi ya san tsakaninsa da bawansa. Ni dai alheri na gani. Allah ya ba 'yarsa da jikokinsa haƙuri, ya ba Inna Ramatu lafiya. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a, ni ma ku roƙa min kada muryata ta maƙale ranar Alhamis.