Kurɓin Farko na Sabon Hatsi

Lugu zuwa Dogon Dutsi

Kafin kiran asuba muka bar Lugu, ni da mahaifina, Baba Arzika, a bayan wata a-kori-kura. Hatsi ya fara fitar da kai. Baba ya daɗe da barin tuwo, yanzu ko kunu sai ya tsaya masa a ƙirji. A gidanmu kuwa ba mai taɓa sabon hatsi sai maigida ya yi kurɓin farko. Ni ɗan kasuwa ne a Dutsi, ban cika damuwa da irin waɗannan al'adu ba, amma na san rumbunmu ya kusa ƙarewa.

Hanyar Yamai

Da hantsi muka shiga bas. A Kore Mairuwa na saya masa nono, ya riƙe kawai. A shingen Doso wani jandarma ya leƙo, ya ga ramarsa, ya mayar mana da katinmu. Da la'asar muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da taya.

Yamai

Bayan gwaje-gwaje a asibiti likita ta ce ciwon daji ne a hanyar abinci. Za a yanke wurin, a jawo ciki sama a haɗa. Hanya biyu ce, in ji ta: a buɗe ƙirji da ciki, ko a huda ƙananan ramuka a yi aikin da kyamara. Mai ramukan ya fi saurin tashi, huhu ma ya fi samun sauƙi, amma a asibitinsu babu kayan, sai mun ƙetare ƙasa mun bi layi. Na ce a ƙetare. Tsoron wuƙar nan nake yi ƙwarai.

Baba ya tambaya ko duka biyun abu ɗaya suke cirewa. Ta ce e.

"To ku buɗe," ya ce. "In munka tahi nesa, wa za shi ɗanɗana musu hatsi? Ɗiyana duka na jira."

Na yi ta magiya, bai ko dube ni ba.

Aka buɗe shi. Huhunsa ya kamu da ciwo, ya yi makonni da roba a hanci, tari kuwa kamar ɗinkin zai ɓalle. Daga gida aka aiko cewa an yi girbi, an ɗaure dammuna, ana cin masarar kasuwa. Na buga waya na ce su ci sabon hatsin kawai. Inna ta kashe wayar.

Komawa

Mun iso Lugu da yamma, Baba a jingine da kafaɗata. Kafin mu taso likita ta ce ba ta yi alkawarin shekaru ba. Inna ta dama kunu tsararo da sabon hatsi ta kawo a ludayi. Manya da yara kowa na kallon wuyansa. Ya kurɓa, ya rufe ido. Muka ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Ya wuce," ya ce. "Ku ci."

Mun gode wa Allah, da likitar, da ɗan garinmu mai sayar da taya da ya sauke mu. Ni ma na miƙa hannu aka ba ni ludayin.