Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Jiya da hantsi maƙwabcinmu ya sa aka shafe ƙofar gidansa da fenti. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa warin ya tsallako katanga ya same ni. Ban san lokacin da farantin ya suɓuce mini ba. Sai dai na ga kaji sun taru a ƙafata, ni kuma ina dafe da bango. Umma ta leƙo daga madafi, ta dube ni, ta kore kajin, ta koma ciki. Ta san abin da ya same ni.

Mai karatu, ka yi mini haƙuri in zancena ya riƙa karkacewa, har yanzu ban dawo daidai ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, shamuwa ta sauka a kan rimin bayan gidanmu, kuma Baba ya ce da zarar an yi ruwan shuka zai koma daji. Dajin da muka fito bara, ni da shi, da ƙafa.

Gidanmu a unguwar Limancin Kona yake, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Zaurenmu ƙanshin tawada da tsofaffin littattafai yake yi, kuma duk namijin da ya tashi a gidan, ko dai ya koyar ko ya yi limanci ko ya shiga aikin alƙalanci. Baba ne kaɗai ya karkace, ya je ya karanto ilimin gandun daji. Akwai wani gandu na gwamnati a yamma da mu, inda aka hana sara da farauta, shi aka ba shugabancin masu bin diddigin abin da ke cikinsa: waɗanne itatuwa ne, suna girma ko suna mutuwa, waɗanne dabbobi suka rage. Kaka, mahaifiyarsa, ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, sai dai ta ce “mai daji”. In baƙi suka tambaye ta aikin ɗanta, sai ta taɓe baki ta ce, “Tela ne. Ƙugun itace yake aunawa, amma har yau bai ɗinka wa ko ɗaya riga ba.”

Ni sunan Kaka aka sa mini, don haka Baba ke ce mini “uwata”, ita kuma ta ce “takwara”. A ɗakinta nake kwana, kuma daga tagarta nake fara ganin shamuwa kowace shekara. Bazara za ta gasa mu har katangun ƙasa su riƙa huci da yamma, ruwan randa ya koma kamar an ɗumama shi. Sai wata safiya ka ji kaf-kaf a saman rimi, ka ɗaga kai ka gan su, baƙaƙe masu farin ciki, suna jan ƙirare. Ranar Baba zai fito da kayansa daga ƙarƙashin gado: takalman daji, tef ɗin awo, wata sanda da aka yanke daidai tsayin ƙirjinsa, da gwangwanayen jan fenti. A lokacin babu ƙanshin da nake so a duniya kamar na fentin nan. Ina jin sa na san damina ta zo, kuma Baba zai dawo mini da kaɗanya nunanniya a aljihun jakarsa.

Yadda aikin yake, akwai wasu filaye a cikin gandun da aka keɓe tun kafin a haife ni, su suna ce musu fuloti. Kowane itace a cikin fuloti an shafa masa jan fenti a daidai inda sandar nan ta tsaya, kuma a nan ake zagaya tef. Shekara ta zagayo, a dawo wa wannan itacen, a wannan tabon, a wannan lokaci na bayan ruwan shuka, a kuma bi fulotan a jere yadda aka saba, ba a tsallake ko ɗaya. Na taɓa tambayarsa me zai hana ya je da rani, lokacin da babu laka. Ya ce, “Uwata, in na canja wuri ko na canja lokaci, da me zan gwada na bana? Yawo kawai na je.” Wannan ƙa'ida ita ce addinin aikinsa. Ranar da aka haifi ƙanena ma, sai da ya je ya dawo.

Abokin tafiyarsa wani mutum ne daga ƙauyen da ke bakin gandun, muna ce masa Baffa duk da ba mu haɗa jini ba. Shi ke tuƙa tsohuwar motar ofis, shi ke shafa fenti. Kakkaura ne, ga dariya, ga muguwar murya amma ba ya rabo da waƙa. Ba ya zuwa gidanmu hannu sake, kullum da kwalbar zuma ta Kaka. Sai ta karɓa ta ɗaga ta a hasken rana, ta ce, “An dai sirka da ruwa.” Shi kuma ya ce, “Hajiya, wallahi ƙudan da kansu suka ce in gaishe ki.” Baba kuwa yakan ce da za a zagaya wa tumbin Baffa tef duk shekara, da ofis ya ga abin da ya fi kowane itace ci gaba a gandun.

Ina firamare aka fara tafiya da ni, bayan na yi kuka har Kaka ta gaji ta ce a ɗauke mata ni. Ban taɓa sanin akwai wurin da babu katanga ba. Ƙasa a jiƙe, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye, sabuwar ciyawa ta fara tsirowa kamar gashin jariri. Ga ɗorawa, ga marke, ga maje, ga kirya. Kafin a taɓa tef sai kowa ya tsaya cak, a yi shiru, a saurari tsuntsaye. A cikin shirun nan na fara jin gurnanin burtu, na ruga na ƙanƙame ƙafar Baffa, na ɗauka zaki ne. Ya yi ta dariya har da hawaye. A fuloti na gaba akwai wani maɗaci, ni da Baffa muka kama hannu muka rungume shi, ko kusa ba mu zagaye ba. Baba ya ɗora tafinsa a jikinsa kamar mai gaida dattijo. Ya ce wanda ya fara auna shi ya daɗe a kabari.

Ban san shekarar da abin ya fara lalacewa ba. Na dai lura Baba na dawowa magana na raguwa. Wata shekara ya ce sun tarar da kututture a inda suka bar marke. Wata shekara ya ce ba su ji burtu ba. Buhunan gawayi suka fara jeruwa a bakin hanya. Amma ko kututture ne sai ya tsaya a kansa, ya auna abin da ya saura, ya ce mutuwa ma abin sani ce. Daga baya kuma sai labarin masu bindiga ya fara shigowa gari, da farko daga nesa, sannan a bakin masu kawo hatsi kasuwa. Malaman jami'a da kan bi su da ɗalibansu suka daina zuwa. Ma'aikatansa, wannan ya nemi canjin wurin aiki, wancan ya ce matarsa ba lafiya. Bara sai ya rage daga shi sai Baffa.

Ni kuwa na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, kuma tef yana buƙatar mai riƙe ɗaya bakin. Umma ta ce ba da yawunta ba. Baba ya ce fulotan farko ba su da nisa da titi, kafin la'asar mun dawo. Mun yi shawarar abinci, mun yi shawarar mai, mun yi addu'a a zaure. Babu wanda ya kawo zancen a canja rana ko a fara ta wani gefen. A gidanmu wannan ba abin da ake tunaninsa ba ne, kamar a ce a canja wa azahar lokaci.

Fuloti na farko lafiya muka gama. Baffa ya sabunta fenti, hannuwansa suka yi jawur har gwiwar hannu kamar kullum. Da muka doshi na biyu, sai muka hango babura a jingine. Mutane ne zaune a gindin maɗacin nan, bindigogi a cinyoyinsu, har da tukunyar shayi a kan wuta. Ba su tashi ba ma. Wani mai ɗan furfura a gemu ya ce, “Sannu da zuwa, Malam. Tun da muka ga shamuwa muke zuba ido. Mun san nan ne na biyu.”

Ya ce da rani jirgi ya yi musu ɓarin wuta ba nisa da wurin, kuma sun duba sun ga duk itatuwan yankin da jan tabo. Yana son a gaya masa wa ake yi wa alamar. Baba ya durƙusa ya yi bayani, muryarsa ko rawa ba ta yi, ya nuna tef, ya nuna sanda. Suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, “Wato gwamnati ta rasa abin yi sai auna itace?” Irin maganar Kaka ce sak, amma a bakinsa sai na ji fitsari na neman ƙwace mini. Wani matashi a cikinsu bai yi dariya ba, ni kawai yake kallo, tun daga mayafina har ƙafata. Wannan kallon har yau in na rufe ido ina ganin sa.

Mai furfurar ya dubi hannuwanmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan na Baffa. Ya ce, “Ga mai shafawar nan. Shi zai zauna. Kai Malam ɗauki 'yarka ku tafi tun ban canja shawara ba.” Baba ya ce shi ne shugaba, shi ya ba da umarni, a riƙe shi. Aka buga masa gindin bindiga a kafaɗa. Baffa ya miƙa musu makullin mota, ya juyo yana ƙoƙarin murmushi. Ya ce, “Malam, don Allah ku je, ka ga yarinya.” Sannan ya dube ni. “Ki ce wa Hajiya zumarta na nan tafe.”

Da ƙafa muka fito titi. Ban tuna tafiyar ba, sai ƙarar numfashin Baba a bayana, don ya sa ni a gaba ya tare ni da jikinsa.

An kai rahoto duk inda ake kaiwa. Babu wanda ya kira, babu wanda ya aiko, babu gawa. Matar Baffa takan zo ta zauna a ɗakin Kaka, su yi ta jan carbi, ta tashi ta tafi. Ofis ya dakatar da aikin gaba ɗaya, aka ba Baba tebur da kujera aka ce ya jira. Sakamakona ya fito, na ci, amma ko Tudun Wada aka aike ni sai na ji kamar za a tare keken hayar da na hau a sauke ni. Ƙarar babur a lungu kan sa in shige bayan ƙyaure.

Shekaranjiya bayan la'asar na tarar da shi a tsakar gida yana goge takalman daji. Ya ce zai hau motar kasuwa zuwa ƙauyen su Baffa, daga nan ya taka. Na zube a gabansa na riƙe ƙafarsa, na ce, “Baba, sun san ranar. Sun san wurin. Kai ma ka ji da kunnenka.” Ya ce, “Na ji, uwata.” Kaka ta fito tana dogara sanda, ta tsaya a kansa. Ta ce, “Mai daji, shekara da shekaru ina yi maka tsiya, amma ban taɓa hana ka ba. Yau na hana.”

Ban taɓa ganin Baba ya musa wa Kaka ba. Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Inna, ba don itace ba ne. In Baffa na raye, in ya samu ya kuɓuce, ko suka ga dama suka sake shi, wuri ɗaya ya san zai same ni a dajin nan, lokaci ɗaya. In ya zo bai gan ni ba fa?”

Na jira Kaka ta yi magana. Ita kaɗai ce za ta iya, kalma ɗaya ta ishe ta. Ta juya ta koma ɗaki, ta saki labule. Har yau ba ta sake ta da zancen ba, kuma na san ba za ta sake ba.

Yanzu in na dubi yaran lungunmu sai in ga ba su yi rashin komai ba, don ba su san akwai shi ba. Ba su taɓa jin burtu ba. Daji a wurinsu wuri ne da ake kai mutane, ba wurin da mutum ke zuwa da ƙafarsa ba. Mu ma da gawayi muke girki, kuma duk sanda na zuba shi a murhu sai in ce ko wane itace ne wannan, ko na taɓa riƙe masa tef. Aikin da aka gada hannu da hannu tun kafin a haifi Baba ya tsaya a kan tsoho ɗaya mai ciwon kafaɗa, kuma ban ga mai karɓa ba. Ni da ya so in gaje shi, ko ƙofar gari ba na iya wucewa.

Ga hadari can ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa labulen Kaka. Ina jin yara a waje suna tsalle suna kiran ruwa, yadda nake yi a dā. Ni kuwa tun ɗazu nake roƙon Allah ya watsa hadarin nan. Sai in tuna manoman da ke jira da iri a hannu, in yi istigfari. Sai kuma in sake roƙa.