Ƙodar Ƙanwata da Farfesun Inna

Da na dawo Minna bayan an yi mini dashen ƙoda, gidana na Bosso ya koma kamar gidan suna. Kowa ya zo dubiya da kwano a hannu. Amma babu kwanon da ya kai na Inna, mahaifiyata: farfesun kayan ciki mai na yawo a kai, ga tuwo ya sha man shanu. A wurinta rama ita ce ciwo, ƙiba ita ce lafiya. Ni kuwa abin nema ya samu, dama na daɗe ina haɗiyar yawu.

Ƙodar ta ƙanwata ce. Ita ta kwanta aka yanka ta saboda ni, ga ta da 'ya'ya ƙanana.

Da na koma asibiti, likita ya duba sakamakon gwaji ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina. Ya ce magungunan da ke hana jikina ƙin sabuwar ƙodar su ma suna ƙara shi, kuma in ya toshe hanyoyin jini, ƙodar da zuciyata duk suna cikin haɗari. Ya ƙara mini magani, ya ce in rage mai da soye-soye, in riƙa tafiya a ƙasa kullum.

Tafiyar ta gagara. Mutanen Bosso ba sa iya zuba ido mara lafiya yana taka ƙasa. Mai Keke ya tsaya, maƙwabci ya buɗe ƙofar mota, tsohon ɗalibina ya rantse sai ya kai ni. In na ce motsa jiki nake yi, sai su ce, "Haba Malam, da wannan ɗinkin?" Haushi ya sa na koma gida na zauna. Kwanon Inna kuma, wa ya isa ya mayar?

Ran nan ƙanwata ta same ni ina sharɓar romo, Inna na gefe tana sa albarka. Ta ɗauke kwanon.

"Yaya, ƙodata kake jiƙawa da mai? Ɗaya ta rage mini, ba ni da wata da zan sake ba ka."

Ni kuma kunya da tsoro suka rufe ni.

Washegari da la'asar Inna ta zo da gasasshen kifi da miyar alayyafo, man ciki sai ka nema. Da ta tashi tafiya ta ce, "Taso ka taka mini." Ashe ta gano lagon mutanenmu: ba mai raba ɗa da rakiyar uwarsa. Tun daga ranar kullum sai ta zo, in raka ta har ƙofar gidanta, ita ma ta ce bari ta ɗan taka mini. Da na koma gwaji, likita ya ce maiƙon ya fara sauka, na ji daɗi har raina.

Wani yammaci wani baƙon mai Keke ya tsaya a gabanmu ya ce, "Mama, ku shigo mana."

Ta ɗaga masa hannu, ta nuna ni. "Wuce abinka, ɗan nan. 'Ya'yana biyu ne a cikin rigar nan, su nake tattali."