Buzun Inna Delu

Washegarin Babbar Sallah, tun kafin a kira assalatu, Gambo ya riga ya tsoma hannu cikin kwatarniya. Garin Damagaram yana kwance da ƙanshin banda, kowace ƙofa da tokar wutar da aka kewaye da raguna jiya, shi kuwa yana majema yana shaƙar ƙarni. Haka Sallarsa take tun yana saurayi. Fatar layya ba ta jiran kowa, in ka tsaya yawon gaisuwa ka dawo ka tarar ta ruɓe. Rigarsa ta Sallah a adaka take kwana. In aka tsokane shi sai ya ce, "Sallah ta masu rago ce. Mu namu fata."

Kwatarniyata tana kusa da tasa shekara da shekaru. Abin da ban gani da idona ba, ƙaninsa Tanimu ne ya gaya mini.

Gambo majemi ne ɗan majemi. Da ubansu ya rasu, uwarsu Delu ta koma cikin danginta a Hamdara tare da Tanimu, wanda ya zaɓi noman gero da gyaɗa. Delu ba ta taɓa yin layya da dabbar kanta ba. Kullum naman miji ta ci, daga baya na 'ya'ya. Sai da ta tsufa, ido ya fara yi mata hazo, ta sayi ɗan rago da ribar ƙuli-ƙuli, fari mai baƙin wuya. Ta ba shi dusa, ta ba shi harawa, ta jiƙa masa ƙanzo, a bakin ɗakinta yake kwana. Yana ƙarami ya faɗa wa murhu ya ƙone a kafaɗar hagu, gashi bai ƙara fitowa a wurin ba. Ita ta yi jinyarsa da man shanu har ya warke.

A shekarar 'yancin kai ta yanka shi. Sallar ta faɗo farkon damina, ga zafi ga gumi. Tanimu ya ɗauro fatar a kan jaki ya iske yayansa a majema.

"Yaya, Inna tana gaishe ka. Ta ce buzu take so. Ba jaka ba, ba takalmi ba. Wai goshinta ya gaji da tabarma."

"Ajiye can."

"Ina ne can? Can ɗin naka ai tsibi ne har sama."

"Tunda ka fi ni sanin jima, zo ka karɓi wuƙar kartaji ka kankare gashi."

Tanimu ya toshe hanci yana dariya. "Ni warin takin jaki ya ishe ni." Ya ɗora fatar a gefen tsibin ya kama hanya.

Shekarar nan majema ba ta ga hutu ba. An ba dukawa aikin matasai na jar fata da jakunkuna domin bikin 'yancin kai da 'yan bariki suke kira fet, za a yi manyan baƙi, kowace fata a garin ana nemanta. Duk wanda ya taɓa jima ya san fatar buzu ba ta shiga ruwan toka, domin toka gashi take cirewa. Gishiri ake zuba mata, a ware ta, a jeme ta da bagaruwa da gashinta. Gambo ya san haka tun kafin ya san karatun sallah. Amma da yammacin ranar, bayansa ya ƙage, idonsa ya yi ja, ya rungumi tsibin nan gaba ɗaya ya danna cikin toka.

Sai da ya zo juyawa da sanda farin gashi ya taso, baƙin wuya ya biyo baya. Ya ciro ta, ya ja gashin da yatsa biyu, ya zube kamar auduga a jiƙe. Ya daɗe a tsugune. Bai zagi kowa ba, tunda babu wanda zai zaga. Daga nan ya ɗauki kartaji ya kankare ta tas, aka rina ta ja tare da sauran, aka kai wa dukawa.

Ranar fet ya fita, abin da bai saba ba. Tutoci sun cika gari, makaɗa suna ta yi, 'yan lakwal, yaran makarantar boko, suna waƙa a jere. Manya suna zaune a rumfa, ƙafafunsu a kan jajayen matasai. Mutane suna kallon sabuwar tuta, shi yana bin matasan nan da ido ɗaya bayan ɗaya. Duk iri guda ne. Bai jira an watse ba ya koma gida.

Ya nemo fatar wani farin rago mai baƙin wuya, ya jeme ta jima irin wadda bai taɓa yi wa wani basarake ba, ta yi laushi kamar zane. Gero ya kai ƙirji lokacin da ya isa Hamdara. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya shimfiɗa mata buzun a cinya.

Delu ta shafa wuya, ta gangara kafaɗar hagu, hannunta ya tsaya. Ta sake shafawa.

"Gambo, ragon wa ya yi kyau haka?"

"Naki ne, Inna."

"Nawa?"

"Naki."

"Ikon Allah. Ashe ku majeman birni har tabo kuke warkarwa bayan yanka."

Tanimu ya sunkuyar da kai. A nan ne ya kamata Gambo ya buɗe baki. Magana guda ce: Inna, na ɓata shi. Mutumin da bai taɓa sayar wa kowa fata mai huji ba tare da ya nuna hujin ba, ranar nan ya kasa. Ya ce, "Jima ce take haɗe gashi."

"To. Allah ya yi albarka."

Ta naɗe buzun, ta ba Tanimu ya rataye a jikin rufi. Da aka kira azahar ta jawo tsohuwar tabarmarta. Gambo yana kallo.

Da zai tafi ya ce baɗi zai saya mata rago, wanda ya fi wancan girma. Ta ce ba ta son rago na kasuwa, bai san hannunta ba. Ta riga ta karɓo wani ɗan ƙarami, ga shi can a turke, in da rai da rabo shi za ta yanka.

Babu rabon. Da kaka, an gama ɗaure gero, zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Da aka share makoki Tanimu ya sauko wa Gambo da buzun, ƙura ce kawai a jikinsa, ba a taɓa shimfiɗa shi ba.

"Ta yi fushi da ni?" in ji Gambo.

"Ko kaɗan. Cewa ta yi, da ka ce mata ya ɓaci, da dariya za ta yi maka, ta ce ubanka ma ya taɓa yi."

Gambo ya miƙe. Ya bar buzun a nan, ya kwance ɗan ragon daga turke, ya jawo shi har Damagaram.

Mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba, sai ga shi yana tashi daga majema ya bi masu harawa, yana roƙon dusa gidan maƙwabta, yana jiƙa ƙanzo. Muka yi ta yi masa tsiya, wai ya sami ɗa da tsufa. Layya ta zo ta wuce, ya ce ragon bai isa ba. Sai a ta gaba ya ciro rigar nan daga adaka, duk ta yi layin ninki, ya tafi idi. Ya dawo ya yanka da sunan uwarsa. Ya kafa ragon a bakin wutar unguwa tare da na maƙwabta, ya wuni a nan yana juya shi, yana sauraron hirar da shekara da shekaru ake yi ba da shi ba. Fatun majema kuwa ya bar mana, muka yi ta gunaguni. Washegari ya bi gida gida da nama da kansa. Fatar tun a wurin fiɗa ya zuba mata gishiri, a ɗakinsa ta kwana.

Buzun da ya jeme da ita ya yi kyau, sai dai babu mai shi. Gambo ba mai yawan magana ba ne, bai ce ya huce ba, ni ma ban ga alamar haka ba. Ya dai tuna da Larai, tsohuwar da suke yankan ciyawa tare da Delu a Hamdara, ita ma a tabarma take sallah.

Ganina da shi na ƙarshe da hantsi ne, a bakin majema, kafin ciwon ƙirji ya raba shi da aiki. Ya shimfiɗa buzun a kan gwiwarsa, ya shafa wuya, ya gangara kafaɗar hagu, ya ɗan tsaya. Sannan ya naɗe shi, ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanyar Hamdara a ƙasa.