Mutumin da Ya San Hanya Daga Ƙofar Gidansa Kaɗai

Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Aji uku na yi a ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe, kuma tabul ce ta kore ni, wato haddar lissafin sau.

Lokacin uwata ta rasu, babana yana cin rani. Daga ni sai kakata, Iya Hajo. Da magariba takan hura karan gero ta ɗora kunu, ni ina gefen murhu ina rera tabul kamar waƙa, daga sama har ƙasa, ba tuntuɓe. Da safe kuwa in mushe, malaminmu, ya nuna ni ya ce bakwai sau takwas, sai in koma can sama in faro. Kafin in iso, bulala ta riga ni.

Ran da na gaya mata, kunu na tafasa ta kira ni.

"Matso, ga wata nan. An yi wani mutum da ya san hanyar ko'ina, amma daga ƙofar gidansa kaɗai. In yana kasuwa aka aike shi rijiya, sai ya koma gida ya faro. Rijiyar kuwa ga ta nan bayan kasuwa! Ran nan yana gona aka ce wuta ta kama rumbun ƙanensa, jifa ɗaya tsakaninsu. Gogan naka ya sheƙa gida tukuna. Ya iso, sai toka."

"Iya, wawa ne?"

"A'a. Ba wanda ya taɓa ajiye shi tsakiyar daji ya ce nemi hanya."

Ban gane ba. Da damina ta faɗi na bar lakwal. Sai da na yi furfura na ga tsohuwar ta san ciwona, boko ne ba ta da shi balle ta riƙa tambayata daga tsakiya.

Yanzu gadi nake a Tasawa, ɗaki ɗaya, ni kaɗai. Ɗiyata Rabi tana wurin uwarta a Mayahi, aji uku ita ma. An ce in ta faɗi bana, za a cire ta. Duk Juma'a nakan kira ta.

"Baba, in rera maka?"

"Kar ki rera. Tara sau shida."

Wata biyu ina yi mata haka, gunguninta nake ji, tana gangarowa daga sama. Juma'ar da ta wuce ban rufe baki ba ta ce, "Hamsin da huɗu! Daidai ne, Baba?"

Na ce ta ɗan jira. Na rufe wayar da tafin hannu, na faro daga tara sau ɗaya.